Geron da Na Zuba wa Tururuwarka

Kurmin Mashi, Kaduna.

Zuwa ga yayan su Nana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗanta, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Allah Ya tsare hanyar da za ka bi gobe, Ya tsare motar da mai tuƙa ta, Ya sauke ka gidan Kawunka a Bauchi lafiya, Ya sa ka shiga jami'ar nan da ƙafar dama.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Kai ne ɗan fari, sunanka ma ba na faɗa, balle in zaunar da kai in yi maka doguwar magana. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Babanka ya riga ya yi maka nasiha kan salla da abokai da karatu, ba sai na maimaita ba. Ni maganar tururuwa ce ta sa na ɗauki biro. Akwai wani kwali a bayan ƙofar sito, cikinsa akwai sarauniya guda da 'yan ma'aikatanta, ni na raine su, kuma ina so ka tafi da su. Ban sani ba ko za ka karɓa daga hannuna. In ka ƙi ba zan ga laifinka ba, amma ka karanta har ƙarshe tukuna.

Kana ajin farko na babbar sakandare ka shigo gidan nan bayan ruwan fari, wandonka duk taɓo, da wata ƙatuwar baƙar tururuwa a kwalin ashana. Ka ce a filin ƙwallo na wajen Rafin Guza ka tsince ta, ta riga ta karya fukafukanta, wai ita ce sarauniya, ita kaɗai za ta haifi gari guda. Na ce ka fitar mini da ƙazanta daga kicin. Ka sa ta a siririyar kwalbar gwaji da malaminku na kimiyya ya ba ka, da ruwa a gindi da auduga, ka zura kwalbar cikin tsohuwar baƙar safa, ka tura ƙarƙashin gadonka.

Daga nan ka tsiri wata al'ada. In ina girkin yamma sai ka zo ka jingina da ƙofar kicin ka hau ba ni labari. "Umma, ta yi ƙwai." Wata rana kuma, "Umma, na farko ya fito, ɗan mitsitsi, ko baƙi bai gama yi ba." Ko kuma, "Umma, kin san ba sa son jiƙaƙƙen hatsi? In ya jiƙe fito da shi suke yi su shanya." Ni kuwa bayana kawai kake gani. In na yi ƙoƙari in ce "uhm", in ban yi ba in aike ka sayen attaruhu. Na daɗe ina gaya wa kaina kunyar ɗan fari ce. Akwai ta, amma akwai wata kunyar da ta fi ta muni. A ofis mata na ta yabon 'ya'yansu, wannan ya yi sauka, wancan ya iya kwamfuta, ni kuwa in ce me? In ce nawa kiwon tururuwa yake a ƙarƙashin gado? Da ake hirar yara sai in sunkuya kan aikina.

Ka san abin da ya faru, amma ba ka san yadda aka yi ba, don ban taɓa ba ka damar tambaya ba. Lokacin da jarrabawarku ta fita sakandare ta matso, makaranta ta ce ku tare a can har ku gama. A lokacin tururuwarka sun yi yawa, ka mayar da kwalbar cikin wata roba mai murfi, ka huda murfin da allura. Da za ka tafi ka tsaya a ƙofar nan ka ce, "Umma, don Allah kada a taɓa robar nan, na ba su abin da zai ishe su." Na ce na ji.

Bayan tafiyarka kakarka, Hajiya ta Rafin Guza, ta aiko in je. Ina zama ta ce, "Yaron nan zai zauna jarrabawa, kin yi masa sadaka kuwa?"

Na ce, "Na raba waina ran Juma'a, Hajiya."

Ta ce, "Waina ta mutane ce. Malam ya ce a jiƙa gero, a barbaɗa sukari, a kai gidan tururuwa. Bayin Allah ne marasa baki, abin da aka ba su ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kuma da hannunki za ki zuba, ba aike ba."

Na dawo na jiƙa gero cike da kwanon sha. To ka san unguwarmu, ko'ina siminti. Gidan tururuwa ɗaya na sani, a bakin titi, daidai inda ma'aikata ke tsayawa jiran mota da safe. Na fita da kwanon a ƙarƙashin hijabi, na tarar da mutane tsaye, har da mata biyu na ofishinmu. Na gaisa da su, na kasa durƙusawa. Me za su ce, ma'aikaciyar gwamnati guda tsugune a bakin rami tana ciyar da ƙwari? Na juyo gida da kwanona. Ina shiga sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mai neman mafita: ga gidan tururuwa a ƙarƙashin gadon yaron, kuma sadakar ma tasa ce. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na jawo robar, na buɗe, na juye geron nan kaf har da ruwansa. Ina kallo suka ruɗe, suna kwasar 'yan fararen ƙwayayensu suna neman tudu, na ɗauka murna suke. Sai na tuna sukari zai jawo kiyashi, na samo leda na ɗaure bakin robar tamau, na toshe 'yan ramukan da ka huda. Na mayar ƙarƙashin gado, na yi addu'a, na fita raina fes. Lokacin zafi ne, damina ba ta kankama ba. Ban sake leƙawa ba.

Ranar da ka dawo ina kicin. Ka daɗe a ɗaki, sannan ka fito da robar a hannu, tun daga nesa na ji tsami. Fumfuna ta rufe komai, fara da koriya. Ka ce, "Umma, wa ya shiga ɗakina?"

Na ce, "Ni ce. Sadaka na yi maka."

Na ci gaba da aikina, har na zaci ka tafi. Can ka ce, "Da kin tambaye ni, Umma."

Abin da na mayar maka shi ya fi damuna, ya fi geron kansa. Na ce, "A kan ƙwari za ka tsare uwarka da magana? Allah Ya shirye ka." Ran nan kaɗai na taɓa juyowa na dube ka a ƙofar nan, kuma don in yi maka faɗa ne. Na san ni ce da laifi tun kafin in rufe baki, sanin ne ma ya sa na ɗaga murya. Ka je ka wanke robar, ka kife ta kan katanga, da ta bushe ka ba ƙanwarka Nana tana zuba kayan kitso. Tun daga ranar ba ka ƙara jingina da ƙofar kicin ba. Kana gaishe ni, kana zuwa aike, ba ka taɓa yi mini rashin kunya ba, amma labari ya ƙare. Da sakamako ya fito ka ci, Hajiya ta yi ta gaya wa dangi sadakar nan ce ta karɓu. Har yau in ta faɗa kowa ya ce amin, ni in dubi ƙasa.

Malam bai yi kuskure ba, gidan tururuwa na daji yake nufi, mai dubban baki da sararin shanya. Ni ce kunya ta sa na juye abincin gari a ɗakin mutum ɗaya. Saboda haka ka riƙe wannan: ƙaramin gida ƙaramin abinci. 'Yan ƙwayoyin gero ko acca ko riɗi, busassu, a ɗan fasa musu tunda bakinsu bai yi ƙarfi ba, a ajiye a wajen kwalba. Abin da suka bari a kwashe kafin ya lalace. Kuma in za ka yi wa mutum alheri a kan abinsa, ka tambaye shi tukuna. Ni garin neman gira na rasa ido.

Kada ka yi dariya wai ina koya maka abin da kai ka fara sani. Kai ka san yadda ake raya su, sau ɗaya ka gwada Allah Ya ba ka sa'a. Ni kuwa na san hanyoyin kashe su, kuma wannan ma ilimi ne.

A daminar nan ta shekarar na yi niyyar mayar maka da abinka. Na roƙi kwalaben gwaji wajen maƙwabciyarmu Maman Hanifa, mai aiki a ɗakin gwajin jini, na ce humra zan zuba. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa sai in ƙirƙiro zuwa gaida Hajiya, in ratse filin ƙwallon nan ina duban ƙasa. Durƙuson da na ƙi yi sau ɗaya a bakin titi, na yi shi ya fi a ƙirga. Wani ɗan acaɓa ya taɓa tsayawa ya ce, "Hajiya, lafiya? Wani abu ne ya faɗi?" Na ce ɗan kunnena ne. Bawan Allah ya sauko ya taya ni nema, ga ɗan kunne biyu a kunnena ƙarƙashin hijabi. A ƙarshe na samu guda, mai kaurin doron baya, ba fukafuki, kamar yadda ka taɓa kwatantawa.

Na sa ta a kwalba cikin safa kamar yadda ka yi, na ɗora kan firji don kada hannun yara ya kai. Ban lura ba cewa duk sanda aka kawo wuta firjin nan kaɗawa yake ba tsayawa. Ga ni da ɗoki, safe da yamma sai na zare safar na haska ta da fitilar waya. In ga ƙwai yau, jibi in ga wayam. Sai da abin ya maimaitu na tuna muryarka a ƙofar kicin kana cewa in an dame ta cinye ƙwanta take yi. Kafin lokacin kaka, sarauniyar ta mutu ba ta bar ko ɗa ɗaya ba. Don haka ka nema musu wuri mai duhu, mai shiru, nesa da firji da janareto da ƙofar da ake bugawa, nesa da taga mai rana. Ka duba su daga Juma'a sai Juma'a, kallo kaɗan, ka rufe. Ɗokin gani ba kulawa ba ne, ni don kaina nake leƙawa, ba don ita ba.

Ka lura da abin da na faɗa yanzu. Na tuna muryarka. Duk shekarun nan da kake magana da bayana, ina jin ka, babu kalmar da ta wuce ni. Juyowar ce kawai na kasa.

Damina ta zagayo kana gida kana jiran gurbin karatu, na sami uku. Ta farkon na dube ta ita kaɗai kan ƙwai, ba ci, ba mai taimako, tausayi ya kama ni. Na ce wace irin maijego ce wannan? Ni da na haife ka, Innata ta zo ta yi arba'in tana dafa mini ruwan wanka da kunun kanwa. Sai na je ramin nan na bakin titi da cokali, na ɗebo mata ma'aikata kaɗan su taya ta reno. Na zuba su na tafi salla. Ina dawowa na tarar sun taru a kanta, sun riga sun cire mata ƙafafu. Na zauna a bakin gado na yi kuka, babbar mace uwar 'ya'ya tana kuka kan tururuwa, irin kukan da na hana ka yi. Kowane gida da ƙamshinsa suke gane juna, baƙo abokin gaba ne. Kada ka taɓa haɗa su da na waje ko da ka ga kamanninsu ɗaya. Kuma sabuwar sarauniya ba ta bukatar abinci sai 'ya'yanta na farko sun fito, daga jikinta take ciyar da su. Ruwa da duhu kawai take nema a wajenka.

Ta biyun da ta ukun a cikin kabad ɗina na ɓoye su, tsakanin atamfofi, har ta biyun ta fitar da 'yan ma'aikata. To ka san ni da turaren wuta. Ran wata Alhamis na sa kasko a gindin kabad don kayana su kama, na rufe, da yamma kuma aka fesa maganin sauro a ɗakin kamar kullum. Washegari babanka na neman hularsa ya ci karo da safa biyu masu kwalba a ciki. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan fa? Ko an fara yi mana asiri ne a gidan?"

Na ce, "Tururuwa ce."

Ya zare safar, duk sun ƙanƙance a jikin auduga, ba mai motsi. Ya zare ɗayar, ita da ke can ƙurya tana ɗan motsa gashin kanta. Ya dube ni. Ya ce, "Ki kira yaron nan ki ce ya yi haƙuri mana. Magana ce ta numfashi ɗaya."

Na ce, "Ba zan iya ba."

Ya ce, "To kiwon tururuwar kin iya?"

Ya fi ni gaskiya. Shi ya ɗauki mai ran ya kai sito, ya hana a ƙara fesa komai a wurin, ya ce wa yara saboda hatsi ne. Ita ce wadda ke cikin kwalin nan. Hayaƙi da feshi ba sa bambanta sauro da abin da kake so. In za a fesa magani ko a kunna maganin sauro na murɗe a ɗakinka, ka fitar da su, kada ka mayar sai warin ya tafi sarai. In za ka ba su ɗan nama, ƙaramin yanki na fara ko ƙuda ya isa, amma ba wanda ka tsinta matacce ba, don ba ka san abin da ya kashe shi ba.

Saura ƙiris in sake tafka wata. Da na ga sun fara yawa, na hango wani babban akwatin gilas a kasuwa, na ce zan yi musu gida na kece raini, ka gani ka san na yi ƙoƙari. Har na taya, sai na tuna ka taɓa cewa in gida ya yi musu girma tsorata suke, su mayar da rabinsa juji, fumfuna ta shigo. Na bar wa mai shi kayansa. Ka bar su a kwalbarsu har sai sun cika ta sun rasa wurin juyawa. In ruwan ya kusa ƙarewa ko audugar ta yi baƙi, ka haɗa musu sabuwa baki da baki, ka lulluɓe sabuwar, ka bar tsohuwar a haske, da kansu za su kwashe kaya su koma. Kada ka zazzage su. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

In ka buɗe kwalin za ka gane robar. Taka ce, na karɓo ta wajen Nana na saya mata wata, ramukan da ka huda da allura suna nan a murfin. Na toshe bakin kwalbar da auduga saboda hanya, na naɗe ta da tawul. A tashar Kawo kada ka yarda ɗan kamasho ya jefa kwalin a but ɗin mota, ka riƙe shi kan cinyarka, ka zauna gefen da rana ba ta duka. In ka isa ka ba su kwana biyu su huce kafin ka cire audugar. Sannan ka kira matar Kawunka ka nuna mata su da idonta, ka gaya mata dalilin kowane abu. Mu manya "kada a taɓa" ba ta hana mu, musamman in muna ganin alheri za mu yi.

Nasiha ta ƙarshe ba ta tururuwa ba ce. Za ka girma, wata rana kai ma za ka ɓata wa wanda ke ƙasa da kai. Ka ba shi haƙuri a ranar, tun maganar tana da sauƙin fita. Ni na bari ta kwana, kullum tana ƙara nauyi, har na gwammace in yi damina biyu ina rarrafe a filin ƙwallo da in buɗe baki. Babanka ya ce numfashi ɗaya ce, to ga ta, ko da a takarda ne. Na kashe maka abin da ka raina da hannunka, na kuma yi maka faɗa a kai. Na ji kunyar abin da ya kamata in yi alfahari da shi. Ka yafe mini.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya haɗa ka da abokan arziki da malamai masu tausayi. Allah Ya yi wa karatunka albarka, Ya raya abin da ke hannunka, Ya dawo mana da kai muna raye. Ka gaida Kawunka da iyalinsa.

Ba zan raka ka Kawo ba, ka san uwar ɗan fari ba ta rakiya, babanka zai kai ka. In kwalin ya yi maka nauyi a rai, ka bar shi inda yake, zan ci gaba da kula da su iyakar iyawata. In kuwa ka ɗauka, abu ɗaya nake roƙo. Gobe da safe ina kicin ina haɗa maka dambun da za ka tafi da shi. Ka duba su da kyau, sannan ka zo ƙofar nan ka gaya mini abin da ka gani, har da abin da ban yi daidai ba. Wannan karon zan juyo.

Wassalam,
Mahaifiyarka.